Kwali biyu, magani ɗaya: labarin Hajiya mai masa a Agege

Hajiya mai masa ce da kanta ta ce in rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci sunanta ko layin da take zaune. Aikina harhaɗa magunguna ne a wani kantin magani da ke Agege. Abin da zan faɗa, wani a gabana aka yi shi, wani daga bakinta na ji, wani kuma a takardunta na asibiti na karanta.

'Yar Funtuwa ce. Aure ya kawo ta Legas a ƙarshen shekarun 1990, wajen maigidanta da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Tun asuba take hura wuta ta ɗora tanda, kafin ƙarfe goma ta sayar da masa da miyar taushe ga 'yan kasuwa da direbobi da masu dako. Da wannan sana'a ta tallafi karatun 'ya'ya biyar.

Ciwon ya fara mata ne bayan haihuwa ta huɗu, wajen 2012. Murɗa ce, kamar ana matse wanki a ƙasan cibiya. Ta zo ta yi minti goma ko ashirin, ta saki, ta sake dawowa. Ciki ya cika da iska har zani ya matse ta. Wani makon gudawa, wani makon ta yi kwana uku ba ta zaga ba, in kuwa ta samu ta zaga sai ta ji sauƙi. Abin ya fi tashi in ta ci wake ko alale, ko ta sha nono da yawa, ko hankalinta ya tashi, irin lokacin biyan kuɗin haya da na makaranta.

Shekara biyu ta yi tana yawon magani. An ce taifot ne, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye uku, duk a kan gwajin jini na Widal, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot a ƙasa irin tamu da mutane da yawa suka taɓa gamuwa da ƙwayar. An ce olsa ce. An ce tsutsar ciki. Ta sha jiƙon kanwa, ta sha agbo na maƙwabtanta Yarbawa, har wata 'yar'uwa ta ce a bincika ko sammu ne. Daga ƙarshe wani likita a asibitin gwamnati ya zauna ya saurare ta. Ya tambaye ta ko tana ramewa, ko tana ganin jini a bayan gida, ko ciwon yana tashinta daga barci, ko akwai mai kansar hanji a danginsu. Duk ta ce a'a. Aka gwada jini da bayan gida, aka ɗauki hoton ciki, ba a ga komai ba. Ya ce mata ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da IBS ne: hanjin lafiyayye ne a ido, amma tsokarsa tana saurin ƙullewa. Ita kuma ta raɗa masa suna "hanji mai fushi".

Ya rubuta mata Buscopan, ƙwaya mai miligiram 10, ɗaya sau uku a rana idan ciwon ya tashi. In ya yi tsanani tana iya kaiwa biyu-biyu har sau huɗu, wato ƙwaya 8, miligiram 80, ba ƙari. A haɗiye ta ɗungurungum da ruwa, ba a taunawa, ba a dakawa, kuma ba ruwanta da ko an ci abinci ko ba a ci ba. In an yi mako biyu ana sha ba sauƙi, a koma asibiti. Ta sha, cikin rabin sa'a murɗar ta saki. Tun daga ranar, a wurinta, wannan suna shi ne maganin.

A nan ne tushen duk abin da ya biyo baya, don haka bari in tsaya a kai. Buscopan sunan kasuwa ne. Wani kamfanin Jamus, Boehringer Ingelheim, ya fito da shi a farkon shekarun 1950, a 2017 kuma sunan ya koma hannun Sanofi na Faransa. Sinadarin da ke aiki a cikinsa, kamar yadda ake rubuta shi a kwali, shi ne hyoscine butylbromide. Asalin hayosin, wato hyoscine ɗin, daga tsiro ake samo shi, musamman wata bishiya mai suna Duboisia da ake nomawa a Ostireliya, kuma shi ne ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin zaƙami, wanda ke gusar da hankalin samarin da ke wasa da shi. Abin da masana suka yi shi ne sauya ginin sinadarin yadda ba zai iya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa ba. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce zaƙami madadi ne. Guba ce.

Bangon hanji tsoka ce da ba mu da iko da ita. Jijiyoyi suna aika mata umarnin matsewa ta wani sinadari da ake kira asetilkolin. Hayosin yana zuwa ya zauna a daidai gurbin da wannan umarni ke sauka, sai tsokar ta saki. Idan aka haɗiyi ƙwayar, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ke zagaya jiki, sauran a bangon hanjin yake aikinsa. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya warkar da gyambo, ba ya sauke kumburi. Sassauta tsoka kawai yake yi. Kariyar mallakar da doka ke ba wanda ya ƙirƙiro magani shekara 20 ce, ta wannan kuwa ta ƙare tun tuni, shi ya sa kamfanoni da dama, a Najeriya da Indiya da sauran ƙasashe, suke yin sa su sayar da sunan sinadarin ko da wani suna nasu. Irin wannan ne mutane ke kira "kwafi", suna kuma haɗa shi da jabu, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Kusan shekara tara Hajiya tana zaman lafiya da maganinta, sai 2023 ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki Naira kasuwa ta yanke darajarta. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A tsakanin nan kamfanin magani na GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya sanar a Nuwamba cewa zai miƙa rabon magungunansa ga dillali. Duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Ita kuma shinkafar masa da man gyaɗa da gawayi duk sun tashi a lokaci guda. Makon da ciwon ya motsa tana buƙatar aƙalla ƙwaya 21, kati biyu da ɗoriya. Lissafin ya ƙi fita.

Dabarar farko da ta yi ita ce raba ƙwaya biyu da reza. Ƙwayar ƙarama ce mai rufin sukari, ba ta da tsagar rabawa, don haka ba ta rabuwa daidai, wani gefen ya ruguje ya zama gari. Ko ta rabu daidai, miligiram 5 ba ya isar babban mutum. Rabin da aka ajiye kuwa danshin Legas ya shige shi kafin yamma. Sai ta kasance tana kashe kuɗi ga kuma ciwon bai saki ba.

Dabara ta biyu ta fi muni. Tana dawowa daga sayen tattasai da albasa a kasuwar Mile 12, wani mai tallar magani a cikin bas ya ɗaga wasu fararen ƙwayoyi a ƙullin leda, ya ce maganin murɗar ciki ne, iri ɗaya da na kanti, kamfani ne kawai bai sa masa kwali ba. Ta saya. Washegari da asuba murɗa ta taso, ta haɗiyi biyu ta zauna gaban tanda. Ciwon bai saki ba, sai wani nauyin barci da ya danne ta har masa ta ƙone, gefen zaninta ya kusa kama wuta, Allah ya sa 'yarta na kusa. Maganin Hajiya na gaskiya ba ya kwantar da mutum haka, tunda ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta sa mace gyangyaɗi a gaban wuta wani abu ne daban. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne darasin da ta ɗauka daga nan: duk abin da bai amsa tsohon sunan ba, yaudara ne.

Da wannan tunani ta shigo kantinmu wata la'asar, ta ajiye tsohon kwalinta a kan kanta.

"'Yar nan, ba ni nawa na kullum. Ƙwaya huɗu kawai."

"Hajiya, huɗu kwana nawa za su kai ki?"

"Abin da aljihu ya iya ke nan."

Na ɗauko kwalin wani kamfani mai rajista na ajiye kusa da nata, na ce da kuɗin ƙwaya huɗun nan za ta tafi da abin da zai ishe ta kwanaki. Ta ture shi da bayan hannu.

"Araha ba ta ado. Kama da wane ba ta wane, 'yar nan. Na gwada, na kusa ƙonewa."

"Gaskiyarki, Hajiya. Amma abin da kika saya a bas ko kama bai yi ba, tunda ba shi da suna balle a kwatanta. Sukarin da kike sa wa ƙullun masa, in ya zo a buhun wani kamfani, ya daina zama sukari?"

"In ba a gauraya shi da gari ba, kuma mudu ya cika, sukari ne."

"To, abu biyun nan su za mu duba."

Hajiya ba ta yi boko ba, ajami take karantawa. Sai na ɗauki biro na zagaye ƙananan kalmomin da ke ƙarƙashin babban sunan a kwalinta, na zagaye irinsu a sabon, na ce ta bi su harafi bayan harafi da yatsa. Ta bi. Kalmomi biyu, iri ɗaya, da lamba 10 a gefe.

Dole ne a karanta kalmomin biyu duka, ba ta farkon kaɗai ba. Akwai wani magani mai suna hyoscine hydrobromide, na tashin zuciyar matafiya a mota ko jirgi. Shi yana shiga ƙwaƙwalwa, yana sa barci, kuma awonsa ƙanƙane ne: ƙwayar babba miligiram 0.3 ce. Wanda ya ɗauki awon wancan ya ɗora wa wannan ya sha fiye da ninki 30. Nan ne karin maganar Hajiya ya dace sosai. Sai kuma a duba ko sinadari ɗaya ne a ƙwayar ko biyu. Akwai nau'in da ake haɗa hayosin miligiram 10 da farasitamol miligiram 500, galibi sunansa yana ƙarewa da Plus ko wata kalma makamanciya. Mai shan wannan biyu-biyu, ya kuma ƙara farasitamol daban saboda ciwon kai, cikin sauƙi zai wuce giram 4 a rana, iyakar da hantar babban mutum ke ɗauka lafiya.

Daga nan muka juya kwalin. Lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana nan. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, domin mai yin jabu ma ya iya buga lamba, shi ya sa na shigar da ita a rumbun hukumar na intanet mai suna Greenbook, sunan maganin da na kamfanin da ƙarfinsa suka fito daidai da abin da ke kwalin. Muka buɗe, muka gwada lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin katin da waɗanda ke jikin kwalin. Dole su zo ɗaya. In sun saɓa, an sauya kayan ciki. Sunan kamfani da cikakken adireshinsa suna nan, takardar bayani tana ciki. Katin bai huje ba, ƙwayoyin kalarsu ɗaya, ba wadda ta tsage ko ta manne da leda. Ta tambaye ni ina wurin kankarewar nan da ake tura lamba ta waya. Wannan tsari da aka fara a 2010 an wajabta shi ne a kan magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, don haka rashinsa a kwalin hayosin ba alamar jabu ba ne.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne inda aka sayo maganin. Kantin da ke da lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani da kantunansu, yana da wanda za a kama in an sami matsala, yana da rasit, ya san dillalinsa. Mai tire a ka da mai jaka a bas ba su da ko ɗaya, ga rana tana dukan kayan yini guda, alhali yawancin kwalaye sun ce a ajiye ƙasa da digiri 30. Samamen da NAFDAC ta kai kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba a Fabrairun 2025, da tarin jabu da lalatattun da aka kwaso, ya isa ya nuna cewa babban suna a kwali ma ba kariya ba ne. Hasali ma mai tsadar aka fi kwaikwaya, don a nan ribar take.

Na kuma gaya mata abin da zai iya bambanta, don kada ta gani ta tsorata: girman ƙwaya, kalarta, rufinta, da garin da ake haɗawa don ta dunƙule. Wani kamfani rufin sukari yake yi, wani siririyar fata. Wanda ya san jikinsa ba ya jituwa da wani abu, kamar sukarin madara, ya karanta jerin kayan haɗin. In an sha sabon magani aka ga ƙuraje, ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a daina nan take a nufi asibiti, ko na wane kamfani ne.

Ta karɓi kati ɗaya, ranta bai kwanta ba. Bayan kwana biyar ta dawo da ƙorafi: maganin yana sakin murɗar, amma bakinta ya bushe ƙamas, idonta yana hazo-hazo, kwana uku ba ta zaga ba, ga zafi yana galabaitar da ita gaban wuta fiye da da. A ganinta laifin sabon ne. Na ce ta zazzage jakarta. Sai ga maganin mura mai ɗauke da kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton, tana sha sau uku a rana saboda hunturu. Shi ma yana busar da baki da hanci ta hanya irin ta hayosin, sai ƙarfinsu ya haɗu. Ga shi kuma, don tana shakkar sabon, ta fara shan biyu-biyu inda a da ɗaya take sha. Duk abin da ta lissafa sanannun illolin hayosin ne na kowane kamfani idan ya yi yawa: bushewar baki, hazon ido, taurin bayan gida, saurin bugun zuciya, wahalar fitsari, da raguwar gumi. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki gaban wuta a zafin Legas, domin da gumi jiki ke sanyaya kansa. Haka yake haɗuwa da amitiriftilin da ake ba wasu don ciwon jijiya ko damuwa. Maganin amai metokulofuramaid kuwa kishiyarsa ne: shi yana zaburar da hanji, wannan yana sassauta shi, sai kowanne ya rage ƙarfin ɗan'uwansa.

Ta ajiye maganin murar, ta koma ɗaya sau uku, ta ƙara shan ruwa. Cikin kwana biyu komai ya daidaita. Na ba ta shawarar ta tsaya a kan kamfani ɗaya matuƙar ana samunsa, ba don sauran ba su da kyau ba, sai don in wani abu ya sauya a jikinta mu san inda za mu fara dubawa. Na kuma ce ta cire shi daga kusa da murhu da taga, kada ta ɓare ƙwayoyin ta zuba a kwalba.

Da ta ga araha da aiki, sai alherinta ya motsa, ta fara rabawa. Maigidan ya yi ƙorafin ciwon mara, ta zo saya masa. Na tambayi shekarunsa da yadda yake fitsari. Ya haura sittin, yana tashi sau huɗu da dare, fitsarin yana fita da ƙyar. Na ce, "Hajiya, Alhaji ba zai sha wannan ba sai likita ya duba shi." Namijin da furostet ɗinsa, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kumbura, hayosin na iya sassauta mafitsararsa har fitsari ya tsaya cak, a kwana a asibiti da roba. Haka bai halatta ga mai cutar ido ta gulakoma irin wadda magudanar ruwan ido ke toshewa ba, da mai ciwon raunin tsoka da ake kira mayasteniya, da wanda hanjinsa ya toshe ko ya daina motsi. Mai saurin bugun zuciya, da mai ciki, da mai shayarwa, sai da izinin likita. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 11 ƙwaya ɗaya sau uku, shi ma da sanin likita. Ƙasa da 6 ba a ba shi ƙwayar. Allurarsa kuma, miligiram 20 a kwalba mai mililita 1, ba ta ɗakin kemis ba ce. Kai tsaye take shiga jini da cikakken ƙarfinta, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan haɗarinta ga masu ciwon zuciya. Masu ƙaramin lasisin sayar da magani doka ba ta ba su izinin yin allura ba ko kaɗan.

Jarabawar da ta fi girma a kan 'yarta ta zo, yarinya 'yar shekara 17 da ke ajin ƙarshe na sakandare. Wata Laraba da yamma ta ce, "Umma, cikina." Ciwon a zagayen cibiya yake. Lokacin al'adarta ya kusa, sai Hajiya ta ba ta ƙwaya biyu. Ya ɗan lafa. Ta ƙi cin abincin dare, ta yi amai sau ɗaya, aka ƙara mata biyu. Kafin asuba ciwon ya sauka ƙasan ciki ta dama ya tsaya wuri ɗaya, jiki ya yi zafi, ko tari ta yi sai ta riƙe wurin, tafiya sai a sunkuye. Ƙarfe takwas Hajiya na bakin kantinmu, idonta ja.

"'Yar nan, kwafin nan ya ci amanata. Ba ni orijinal komai tsadarsa."

Da na ji yadda ciwon ya tashi daga cibiya ya koma dama, na ce, "Hajiya, ba orijinal ba kwafi. Kada ki ba ta abinci, kada ki ba ta maganin wankin ciki, ki ɗauke ta zuwa babban asibiti yanzu. Ki tafi da katin, ki gaya musu ƙwaya nawa ta sha da ƙarfe nawa." A ranar aka yi mata tiyatar afendiks, wato ɗan ƙaramin reshen hanji da ke ƙasan ciki ta dama. Likita ya ce ya kumbura sosai amma bai fashe ba.

Da na je gaishe su, na bayyana mata cewa ko ƙwayar da ta fito daga hannun kamfanin farko aka ba yarinyar, abin da zai faru ke nan. Afendiks kumburi ne da ƙwayar cuta, ba ƙullewar tsoka ba. Ɗan sauƙin da hayosin ya kawo da farko shi ne ma haɗarin, don ya sa an kwana a gida. Murɗar da maganin ke yi wa aiki tana zuwa tana tafiya, ciki yana da laushi in an taɓa, ba zazzaɓi, mutum yana iya juyi da tafiya. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya yana ƙaruwa, ko ciki ya yi tauri kamar katako, ko ya zo da zazzaɓi, amai mai maimaituwa, jini ko baƙin bayan gida, jiri ko suma, ko ciki ya kumbura ba iska ba bayan gida, wannan na asibiti ne a sa'ar. Macen da al'adarta ta yi jinkiri ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara, a fara tunanin ciki a wajen mahaifa. Mai gwaiwa da ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, hanji ne ya maƙale. Mai taifot da ciki ya tsananta masa farat ɗaya, hanji na iya hujewa. Wanda ya haura arba'in ya ga sabon sauyi a bayan gidansa ko yana ramewa ba dalili, bincike yake buƙata kafin kowace ƙwaya. Ko ciwon marar al'ada na gaskiya, wanda sinadarin furostagalandin ke haddasawa, ibufurofen da danginsa sun fi kai masa ga tushe, in dai mace ba ta da olsa ko ciwon ƙoda ko asma mai tashi da su, kuma bayan an ci abinci.

Yarinyar ta warke, ta zauna jarabawarta. Hajiya ta rage wake da nono, ta daina goro da safe, kuma ciwon yakan yi wata bai motsa ba. Da azumi ya zo, ta koma wajen likitanta ya tsara mata sha tsakanin buɗa-baki da sahur a ranakun da take buƙata. An duba Alhaji, an tabbatar furostet ne, yana kan nasa maganin.

Watanni kaɗan da suka wuce dillalinmu ya sauya, hayosin ya zo daga wani kamfani, kwalin kore, ƙwayar ta ɗan fi waccan faɗi. Yaron kanti ne ya miƙa mata. Ta zaro tsohon kwalin nan mai zagayen biro daga jakarta, ya yi laushi don daɗewa, ta jera su ta bi haruffan da yatsa har ƙarshen kalma ta biyu, ta duba lamba 10. Ta ce ya buɗe ta ga lambar jikin katin da ta kwalin, ta sa ya karanta mata ranar lalacewa da ƙarfi. Sannan ta biya kuɗin kati biyu, ta ce a ajiye mata na uku zuwa Juma'a.